Yaƙin Turai, tukunyar gas da injin ban-ruwanmu: muhawarar zauren manoman rani

Manomin Auyo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ya sanyi, ya aiki? Wata magana ce ta tsaya min a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo ta nan, tunda akwai masana a cikinmu.

Ina zaune a bakin gona ina jiran ruwa ya cika fangali, rediyo na gefena, sai na ji ana hira kan yadda Turawa suka yaye kansu daga iskar gas ɗin Rasha bayan ɓarkewar yaƙin Yukren a 2022. Kafin yaƙin, kusan kashi 45 cikin ɗari na gas ɗin da Tarayyar Turai ke shigowa da shi daga Rasha yake zuwa, na Jamus ma ya haura rabi. Zuwa 2023 abin ya sauko wajen kashi 15. Da na ji haka sai na tuna jarkar da nake sayo fetur ɗin injin ban-ruwa da ita, na ce ashe ciwonmu ɗaya da Bajamushe. Shi bututu ne ya ɗaure shi, ni jarka.

Ba wanda ya manta 29 ga Mayun 2023, ranar da aka ce tallafin man fetur ya tafi. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Ranin da ya biyo baya rabin gonata kawai na shuka alkama. Ƙasa na nan, ruwa na nan ƙarƙashina ko gaba biyar bai kai ba, amma abin da zai ɗago shi ya gagare ni. Na bi sahun masu mayar da inji ya koma shan gas na tukunya, na riƙa ɗaure tukunyar a bayan babur ina zuwa Haɗejiya ɗuri. Watannin farko na ji daɗi, daga nan shi ma gas ɗin ya tashi.

Bara na rufe ido na sayar da sana guda, na haɗa da buhunan shinkafa, na sa famfon sola. Tun daga ranar da wuya in tsaya gaban ɗan bumburutu don ban-ruwa. To abin da nake so mu duba shi ne: in har ƙasashen da ke da kuɗi sun gane cewa wanda ke riƙe da makamashinka shi ke riƙe da wuyanka, mu da Allah ya hore wa rana tun daga Maigatari har Tudun Wada me muke jira?

Bakaniken Haɗejiya:
Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya sanya albarka a famfon. Amma ka faɗa wa mutane ɗaya gefen ma. Ni ne ake kawo wa waɗannan kayan idan sun tsaya. Sola ba ta san dare ba, ba ta san asuba ba. Manomin tumatir da ya saba ban-ruwa da sanyin safiya ko da yamma lis, yanzu sai ya jira rana ta ɗaga. Ga hazo. Kwana uku aka yi ana ƙura a makon jiya, ruwan da famfon wani mutumina ke fitarwa ya koma kamar na bakin buta. Inji kuwa in ka zuba masa mai ka ja igiya, ruwa ne cike da tiyo, ko tsakar dare ne.

Mai Tireda a Jahun:
Ku yi haƙuri, wane gas ake nufi? Man gas na manyan motoci ko na girki?

Malamin Ringim:
Alhaji, tambayarka a kan hanya take, don mu da sunan gas muke kiran abu uku. Akwai man gas, wato dizal. Akwai na tukunya da mata ke girki da shi. Sai kuma iskar gas da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa a tura ta bututu, wadda ake kunna tashoshin lantarki da masana'antu da ita, Turawa kuma da ita suke ɗumama ɗakunansu da hunturu. Wannan ta ukun ita ce rigimar Turai da Rasha.

Bari in ɗan tsawaita, don labarin bai kai sauƙin yadda ake ba da shi ba. Shekara da shekaru Jamus ta gina masana'antunta a kan gas ɗin Rasha saboda araha. An shimfiɗa bututun Nord Stream ta ƙarƙashin tekun Baltik kai tsaye daga Rasha zuwa Jamus, har an gama na biyu ana jiran buɗewa. Da Rasha ta shiga Yukren ranar 24 ga Fabrairun 2022, Turai ta ƙaƙaba takunkumi, Rasha kuma ta fara matse famfo. Zuwa ƙarshen Agusta ta rufe Nord Stream gaba ɗaya, a ƙarshen Satumba kuma aka fasa bututun da nakiya a cikin teku. A wannan Agustan farashin gas a kasuwar Turai ya haura yuro 300 kan kowace megawat-awa, alhali a shekarun baya wajen 20 yake yawo.

Me suka yi? A watan Mayun 2022 suka fito da shirin da suka kira REPowerEU, suka sa wa kansu 2027 a matsayin shekarar rabuwa da makamashin Rasha. Suka amince kowa ya rage shan gas da kashi 15. An rage zafin na'urar ɗumama ofisoshi, an kashe fitilun ado na gine-ginen gwamnati. Jamus, wadda ba ta da ko tasha ɗaya ta sauke gas daga jirgin ruwa, ta kammala ta Wilhelmshaven cikin ƙasa da shekara, aka buɗe ta a Disamban 2022. Sannan suka sassauta dokokin ba da izini suka shiga kafa farantan sola da fankokin iska masu samar da lantarki ba ƙaƙƙautawa. A 2022 ɗin, karon farko, wutar da suka samu daga iska da rana ta fi wadda suka samu daga gas. A 2024 kuma sola kaɗai ta zarce kwal.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Su a ranar tafiyar suka fafe, kuma sun ji a jikinsu: masana'antun taki da na ƙarfe da dama sun rage aiki, gwamnatoci sun kashe kuɗi masu ɗimbin yawa wajen rage wa jama'a raɗaɗin kuɗin wuta. Aljihunsu ne ya cece su.

Ɗalibin Wudil:
Allah ya gafarta Malam, na ƙaru. Amma akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya idan ana yabon Turawa a kan wannan. Kafin yaƙin su ne ke ce wa Afirka kada ta haƙo gas, bankunansu na janye hannu daga ayyukan mai da gas saboda ɗumamar yanayi. Da wuta ta zo kansu, Jamus ta dawo da tashoshin kwal da ta ajiye. Shugabanninsu suka bazama Katar da Aljeriya da Senegal neman gas. Jiragen gas ɗin da suka saye kuma daga bakin wa aka ƙwace su? Pakistan da Bangaladesh. Jiragen da ya kamata su sauke a can suka juya Turai saboda can ne kuɗi, mutanen waɗannan ƙasashe suka kwana cikin duhu. Ko gas ɗinmu na Bonny, Sifaniya da Fotugal da Faransa yake tafiya. Kuma sun ci gaba da sayen gas ɗin Rasha ta jirgin ruwa bayan sun rage na bututu.

Sannan Yaya na Auyo, farantin da ke gonarka daga ina ya zo? Fiye da kashi 80 na harkar ƙera farantan sola a duniya a hannun Sin take. Ka bar Rasha ka koma Sin, ba an gudu ba a tsira ba ke nan?

Manomin Auyo:
Ƙanena, tambayarka mai kyau ce, kuma na yi tunaninta tun kafin in sayar da san. Ga bambancin kamar yadda na gan shi da idona. Fetur kullum sai na saya. In aka wayi gari babu, a ranar aikina ya tsaya. Faranti sau ɗaya na saya. Ko gobe mutanen Sin suka yi fushi suka rufe ƙofa, nawa na nan a gona yana shan rana, kuma irin wannan kayan shekara ashirin ne ko fiye. Mai sayar maka da ruwa a jarka kullum, da wanda ya sayar maka da guga da igiya sau ɗaya, ba ƙarfinsu ɗaya a kanka ba.

Maganar munafuncin Turawa kuwa ban musa maka ba. Amma ni ba yabonsu na zo yi ba. Gemunsu na ga ya kama wuta.

Ɗalibin Wudil:
Na karɓi wannan Yaya. In ma ƙara maka hujja, Pakistan ɗin da na ambata, bayan wahalar da suka sha, jama'a da kansu suka afka wa sola. A 2024 kaɗai sun shigo da farantan da ƙarfinsu ya kai wajen megawat 17,000 daga Sin, manoma da masu shaguna da masu masana'antu ne suka saya, ba gwamnati ba. Ka kwatanta da wutar da layin ƙasa ke raba wa Najeriya baki ɗaya, da ƙyar take wuce megawat 5,000.

Ɗan Maigatari:
Ku daina zuwa Turai neman misali, ga shi nan a ƙofar gidanmu. Da sojoji suka hamɓarar da Bazoum a ƙarshen Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta. Kusan kashi 70 na lantarkin Nijar daga wurinmu yake zuwa. Yamai da Maraɗi da Damagaram duk suka shiga wahala. Abin da Rasha ta yi wa Jamus, mu ma mun yi wa 'yan'uwanmu, kuma waɗanda suka sha wuyar ba su ne suka yi juyin mulkin ba. Ina da 'yar'uwa da ke aure a Damagaram, ƙanƙara da zoɓo take sayarwa, sana'ar ta tsaya cak. Mu kuma nan kasuwar Alhamis ta zama kufai, iyaka a rufe, shanu ba sa shigowa, har sai bayan da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024.

Abin da ya ɗan rage wa Yamai zafi shi ne tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a wannan tsakanin. Da na je Damagaram bayan an buɗe iyaka, rufin shaguna da yawa ya cika da faranti. Wanda aka taɓa kashe wa fitila da gangan ba ya sake sakin jiki.

Hajiya Mai Abinci, Kura:
Sallama gare ku. Ina ta karantawa tun ɗazu, duk maganar gona da masana'anta kuke, ba wanda ya leƙo madafa. Ni shinkafa da wake nake dafawa a bakin titin Zariya, tukunya uku a rana. An yi ta wa'azi a rediyo mu bar itace mu koma gas, a ceci bishiyoyi, a ceci idanunmu da ƙirjinmu. Na koma. Na ji daɗinsa ƙwarai, tukunya fes, ba hayaƙi, tarin da nake yi da daddare ya ragu. Da kuɗin ɗuri ya ninka ya sake ninkawa, sai na jingine tukunyar gas ɗin a lungu na koma gawayi da buntun shinkafa. Yanzu gawayin ma tsada yake, kuma kowa ya san daga wane daji ake sare shi.

To ku masu sola, farantinku zai dafa min wake? In ba zai dafa ba, ku gaya min yadda ƙasar da ke ƙona gas ɗinta a banza a Neja Delta, take loda wani a jirgi zuwa Turai, ta bar ni ina hura wuta da murfin roba.

Malamin Ringim:
Hajiya, kin taɓo inda ke ciwo. Gaskiya girkin sayarwa irin naki da wutar sola yana son faranti da yawa da babban batir, kuɗinsa ya fi ƙarfin mai ƙaramar sana'a. A nan gas ne mafita ta kusa, kuma namu na gida. Shekaru da yawa wani kaso na gas ɗin girki daga waje ake shigo da shi, na cikin gidan ma farashinsa bin dala yake. Shi ya sa da aka saki naira a Yunin 2023 tukunyarki ta ji a jikinta, ko da babu ruwanki da dala.

Shi ya sa ni ba na cewa mu kwafi Turai baki ɗaya. Su ba su da isasshen gas, dole su rabu da shi. Mu muna da shi, mun ma fi kowace ƙasa a Afirka yawansa a ƙarƙashin ƙasa. Bututun AKK da zai taso daga Ajaokuta ya bi ta Abuja da Kaduna ya zo Kano, kilomita 614, tun 2020 aka ƙaddamar da aikinsa. Amfaninsa shi ne masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai da tashoshin wuta su samu gas a ƙofar gida. Ra'ayina dai: gas ga girki da taki da manyan injuna, rana ga ban-ruwa da fitila da firjin asibiti. Abin da ba ma so shi ne abu ɗaya tal ya riƙe mu, kuma ya zama sai an auna shi da dala.

Dattijon Kadawa:
Yara, Allah ya yi muku albarka, jikana ne ke karanta min yana rubuta abin da na faɗa. Ina saurayi aka gina madatsar Tiga zamanin Audu Baƙo. Ruwan da muke noma da shi a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam da ƙafarsa yake zuwa, gangara ce ke kawo shi ta kwata, ba fetur ba sola. Waɗanda suka tsara wannan aiki sun yi tunani mai nisa. In da ana yashe hanyoyin ruwan nan a kan kari, ana cire ciyawa, da yawan masu sayen inji a yankinmu ba su buƙace shi ba. Kafin ku tafi neman sabo ku riƙa duba na hannu.

Abu na biyu, ɗana na Auyo. Lokacin da kake sayen mai, kana ƙirga kowace lita, kana kashe inji da zarar fangali ya cika. Yanzu da rana ke ba ka kyauta, wa zai hana ka bar shi yana zuba tun hantsi har la'asar? In kowa a fadama ya yi haka, ruwan ƙasa zai gudu. Na ga rijiyoyin da ake ɗiba da hannu a da, yau sai an ƙara igiya.

Manomin Auyo:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi ka faɗi abin da na gani. Maƙwabcina da ya sa nasa bayana, ranar nan na tarar ruwa ya cika gonarsa ya malala hanya, shi yana gida yana cin abinci. Albasarsa ma ta fara ruɓewa daga gindi. Na yi masa magana. Ni abin da nake yi, in na gama nawa sai in ja tiyo in ba na kusa da ni, ya ba ni wani abu kaɗan ko ya taya ni cira. Mutum uku muke sha daga famfo ɗaya yanzu, kuma rijiya ɗaya.

Bakanike, ban manta da kai ba. Maganar hazo gaskiya ce, ruwa na raguwa. Amma rabin matsalar ƙurar da ke kwanciya a kan farantin ce. Kullum da safe kafin rana ta yi zafi yarona yana goge su da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, in ka ga bambancin sai ka yi mamaki. Na kuma karkata su suna duban kudu yadda mai haɗawa ya nuna min. Ba ni da batir ko ɗaya, daga faranti sai famfo. Wajen ƙarfe tara yake kamawa sosai, ya kai ni har bayan la'asar. Na haƙa ɗan kududdufi na shimfiɗa leda, da rana ya cika, da yamma in saki ruwan ya gangara wa kayan miya. Tsohon injina ban sayar ba, yana ɗaki. Duk ranin bara sau huɗu na tashe shi.

Bakaniken Haɗejiya:
To ka ga ka dawo hanyata, ba ka rabu da inji ba. Ni ba gaba nake da sola ba, har na tura yarona ɗaya ya koyi haɗa ta a Kano. Abin da ke ɓata min rai shi ne jabun kaya. Ana kawo faranti an rubuta wat 300 a bayansa, ka auna ka ga ko kusa bai kai ba. Wani tsohon faranti ne da aka cire daga wata ƙasa aka wanke aka sa a kwali. Talaka ya sayar da akuyoyinsa ya saya, wata shida famfo ya ƙone, ba takardar garanti, mai shagon ya ce bai san zance ba. Wani mutumin ƙauyenmu haka ya yi kuka a gabana. Sai kuma ɓarayi. Wanda gonarsa ke nesa da gari, kullum sai ya kwance faranti ya ɗora a amalanke ya kai gida, garin haka suke tsagewa.

Batir kuma in na gida ne, mai ruwan nan zafinmu na bazara cinye shi yake cikin shekara biyu zuwa uku. Na lithiyam ya fi daɗewa amma kuɗinsa ba na kowa ba ne.

Malamin Ringim:
Akwai gefen maganar da ya fi kama ni, kuma shi ne ainihin batun yaƙi. Ku dubi Yukren kanta. Tun Maris ɗin 2022 sojojin Rasha suka kama tashar nukiliya ta Zaporizhzhia, wadda ta fi kowace girma a Turai. Daga Oktoban shekarar suka shiga ruwan makamai masu linzami a kan tashoshin wuta da manyan taransifoma, a Yunin 2023 kuma madatsar Kakhovka ta rushe. Babbar tasha guda, makami ɗaya ko biyu sun isa su jefa miliyoyin mutane cikin duhu, gyaranta kuma sai an yi watanni. Amma fankokin iska da ke warwatse a fili, da farantan da ke kan rufin asibitoci da makarantu, nawa za ka harba? In ka fasa goma, saura na aiki, kuma ana maye gurbinsu cikin kwanaki. Shi ya sa ana tsakiyar yaƙin suka kammala kashin farko na tashar iska ta Tyligulska a yankin Mykolaiv a 2023, mai megawat 114, ba nisa sosai da fagen daga.

Yanzu ku tuna Oktoban 2024. An lalata layin Shiroro zuwa Kaduna a dajin da 'yan bindiga ke riƙe da shi, ma'aikata ba sa iya shiga gyara sai da rakiyar sojoji. Ɗaya layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya faɗi. Kano da Jigawa da Katsina da sauran jihohin Arewa muka kwashe fiye da mako guda ba wuta. Injinan casar shinkafa suka tsaya, masu walda suka zauna, ƙanƙara ta zama gwal. A unguwarmu gida biyu ne ke da haske da daddare, duk masu sola, layin masu cajin waya har waje. Ba a kira abin da muke ciki yaƙi a takarda, amma wutar da sai ta ratsa ɗaruruwan kilomita na daji kafin ta iso mana, ranta a hannun duk wanda ke da bindiga a dajin yake.

Mai Tireda a Jahun:
Ba za mu manta da wannan watan ba. A cikinsa ne tankar mai ta faɗi a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, mutane suka je kwasa, wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 aka rasa. Na je jana'izar. Allah ya jiƙansu da rahama. In mai bai zama abin da ya zama ba, ba mai fita tsakar dare da bokiti.

Hajiya Mai Abinci, Kura:
Amin ya Allah. Allah ya kyauta namu zuwan.

Dattijon Kadawa:
Amin. Allah ya ba iyalansu haƙuri.

Ɗalibin Wudil:
Amin. Malam, a kan abin da ka ce, ai an fara a nan ma, sai dai bai isa ƙauye ba. Jami'ar Bayero ta samu tashar wuta ta haɗin sola da janareta mai megawat 7.1 a 2019. Akwai mai megawat 10 a Challawa cikin Kumbotso da aka buɗe a farkon 2023. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu da kansu, ba sai sun jira Abuja ba. Ke nan Kano da Jigawa na iya ba da izinin kafa ƙananan tashoshi a garuruwa, kowace ta riƙe kasuwa da asibiti da injin niƙa.

Abu ɗaya da ba mu ambata ba shi ne taki. Yuriya daga iskar gas ake yin ta, shi ya sa da gas ya tashi a 2022 buhu ya bi shi. Muna da kamfanin Dangote a Lekki da Indorama a Eleme suna yin ta a gida, amma farashin duniya suke kallo. Sinadarin fotash da ake haɗa takin kamfa da shi kuma daga waje yake zuwa, Rasha da Belarus na cikin manyan masu shi. Wannan kam sola ba ta maganinsa.

Dattijon Kadawa:
Maganinsa na garke da bayan gida, ɗana. Mu da takin shanu da toka da juji muka tashi. Ban ce ku bar na zamani ba, amma ƙasar da ta sha takin gargajiya rabin buhu ya ishe ta inda wata ke cin buhu.

Manomin Auyo:
Na gode wa kowa. Abin da ya rage shi ne kuɗin farko, don shi ne katangar. Ni ina da san da zan sayar, da yawa ba su da shi. Amma ku lissafa abin da mutum ke zubawa a tankin inji daga Nuwamba zuwa Afrilu, ga baƙin mai, ga gyara. Nawa lissafin ya nuna min cikin rani biyu famfon zai biya kansa. Matsalar kawai, mai kaɗan-kaɗan ake saya, sola kuwa a dunƙule take so.

Shawarata mu yi adashe. Mutum goma masu gonaki kusa da juna, bayan girbin shinkafa kowa ya kawo buhu biyu ko uku, a saya wa mutum biyu bana, su riƙa ba maƙwabta ruwa, baɗi a saya wa wasu. Kuma kada a sayi ko faranti ɗaya sai Bakanike ya auna shi a gaban mai shago.

Hajiya Mai Abinci, Kura:
In za ku yi, ku sa mata. Ƙungiyarmu ta masu turara shinkafa ta fi shekara goma tana adashe, ba a taɓa cin kuɗin kowa ba. Mu firji muke so da injin niƙa.

Bakaniken Haɗejiya:
Aunawa ba matsala, ina da mita. Amma kafin in sa bakina a ce wa mutane su sayar da dabbobinsu, sai na ga naka da idona Yaya. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan zo da durom da agogo. Mu ga minti nawa famfonka ke cika shi da hantsi, da azahar, da la'asar, sannan mu tashi tsohon injin mu gwada shi ma. Kada yaron ya goge farantan ranar, ina so in auna kafin gogewa da bayanta.

Manomin Auyo:
Allah ya kai mu. In ka iso Auyo ka kira ni in turo yaro da babur, hanyar fadamar ta lalace, motarka ba za ta shiga ba. Ɗalibi, in kana gida ƙarshen mako ka biyo shi ka rubuta mana alƙaluman a sa a zaure. Ka taho da lita biyu Bakanike, jarkata ba komai a ciki.